TARIHIN ROSALIND FRANKLIN, MATAR DA TA ƊAUKI HOTON ƘWAYAR GADO

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu ya ga zanen nan mai kama da tsani murɗaɗɗe a littafin kimiyyar halittu. Shi ne DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. A ƙarƙashin zanen akan rubuta sunayen maza biyu, Watson da Crick. To, akwai wata mace da ya kamata a ce sunanta yana nan tare da nasu.

An haifi Rosalind Franklin a birnin Landan ran 25 ga Yuli, 1920. Iyayenta Yahudawa ne masu hali, mahaifinta ma'aikacin banki ne. Tun tana ƙarama aka gane tana da kan lissafi. A 1938 ta shiga Jami'ar Kambirij ta karanta ilmin haɗa sinadarai, a zamanin da jami'ar ba ta ba mata cikakken digiri irin na maza, don sai a 1948 aka fara ba su. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi bincike a kan kwal da 'yan ƙofofin da ke jikinsa, da wannan aiki ne kuwa ta sami digirin dakta a 1945. Daga nan ta wuce Faransa a 1947, inda ta ƙware wajen amfani da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Amma ita ba ƙashi take ɗauka ba. Takan haska shi a kan abu ɗan mitsitsi, hasken ya watsu ya bar tabo a jikin fim, sa'an nan ta zauna da alƙalami ta lissafo yadda cikin abin yake.

A farkon 1951 ta koma Landan ta kama aiki a Kwalejin King's. Nan fa zama bai yi daɗi ba. Shugaban sashen ya danƙa mata binciken DNA, alhali kuwa wani masani mai suna Maurice Wilkins yana ganin aikin nasa ne, ita mataimakiya ce kurum aka kawo masa. Ita mai faɗin gaskiya ce gaba da gaba, shi kuma mai kawaici ne, sai jininsu bai haɗu ba.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. Ita ce ta gano cewa DNA yana da siffa biyu, ɗaya in ya bushe, ɗaya in ya sha laima, kuma cakuɗa su da ake yi shi ya sa hotunan baya suke fitowa dishi-dishi. Ta kuma nuna cewa ginshiƙan tsanin a waje suke, ba a tsakiya ba. Da Watson da Crick suka ƙera siffarsu ta farko a ƙarshen 1951, mai igiya uku, ta je ta duba ta nuna musu inda suka kauce. A watan Mayu na 1952 ita da ɗalibinta Raymond Gosling suka ɗauki hoton da ake kira Hoto na 51. Tabon da ya fito kamar an gicciye sanda biyu ne, wanda ga mai ido alama ce ta abu murɗaɗɗe.

A Janairun 1953 Wilkins ya nuna wa Watson wannan hoto ba da saninta ba. Bayan haka wani rahoto mai ɗauke da awonta ya shiga hannun Crick. Cikin 'yan makonni suka haɗa tsaninsu mai igiya biyu, aka buga a mujallar Nature ran 25 ga Afrilu, 1953. Takardarta tana cikin wannan fitowa, amma a bayan tasu, kamar dai ta zo ne ta gaskata abin da wasu suka gano. Ba a ce mutanen nan ba su da basira ba, suna da ita ƙwarai. Sai dai a ganina abin ya yi kama da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ta tsaya jayayya ba. Ta koma Kwalejin Birkbeck ta shiga binciken ƙwayoyin bairos, ta fara da wanda ke lalata ganyen taba, daga baya ta juya kan na shan inna. A 1956 tana cikin ziyarar aiki a Amurka ta lura cikinta yana kumbura. Da ta dawo aka yi mata tiyata, aka tarar da ciwon daji a gidan ƙwanta. Tsakanin kwanciya asibiti da tashi ta ci gaba da zuwa ɗakin bincike tana buga takardu, har ta rasu ran 16 ga Afrilu, 1958, tana da shekara 37. A 1962 aka ba Watson da Crick da Wilkins kyautar Nobel. Ba a ba mamaci wannan kyauta.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yadda tsanin nan ya dawo ya taɓa cutar da ta yi ajalinta. Kullum DNA na jikinmu yana samun rauni, daga zafin rana, ko hayaƙin taba, ko kuskuren kwafi. Da yake igiya biyu ce, in ɗaya ta lalace sai ƙwayar jiki ta dubi ɗayar ta gyara, kamar ɗalibin da shafinsa ya yage ya ari littafin abokinsa. In duka biyun suka tsinke, gyaran ya fi wuya, sai an nemi wasu ma'aikata na musamman, cikinsu har da BRCA1 da BRCA2 waɗanda aka gano a 1994 da 1995.

Da yawa daga magungunan ciwon daji ɓata DNA ne aikinsu. Misali cisplatin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1978, yakan maƙale a jikin igiyoyin ya hana ƙwayar rabuwa. Ƙwayar dajin da ta iya gyara sai ta warke ta ci gaba da yaɗuwa, maras lafiya ya sha amai da kasala a banza. Wadda ba ta iya ba kuwa sai ta mutu. Saboda haka likita yana so ya san ƙarfin gyaran kafin ya zaɓi magani. A irin ciwon dajin gidan ƙwai da ya fi yawa, kusan rabin masu shi ƙwayoyin ciwonsu suna da naƙasa wajen wannan gyara. Akan yanki tsokar ciwon a duba ko BRCA ya lalace, ko a nemi tabon da rashin gyara ya bari a jikin DNA. Masu bincike kuma suna leƙa ƙwayar da madubin ƙara girma su ga ko wani ma'aikaci mai suna RAD51 yana taruwa a bakin tsinken, domin taruwarsa ita ce shaidar cewa gyara yana gudana. Tun 2014 akwai ƙwayar magani mai suna olaparib, wadda ke toshe wata hanyar gyaran ta dabam, ƙwayar dajin da dama ta rasa BRCA ta rasa mafita. A zamanin Rosalind Franklin tiyata ce da ƙona ciwo da haske, sai 'yan magungunan da ake kan gwadawa.