Étienne Lenoir: Yaron gidan abinci da ya ƙera injin gas

Idan ka taɓa hawa adaidaita sahu ko bas mai amfani da gas ɗin CNG, wanda ya yaɗu tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, to ka ci moriyar aikin wani mutum da mai yiwuwa ba ka taɓa jin sunansa ba.

An haifi Étienne Lenoir a 1822 a ƙauyen Mussy-la-Ville, wanda yanzu ke ƙasar Beljiyam. Yana ɗan shekara 16 ya tafi Paris neman na kansa. Bai je jami'a ba. Da aikin kai wa mutane abinci ya fara, daga nan ya shiga sana'ar shafa wa ƙarfe fenti mai ƙyalli, yana koya wa kansa kimiyya a hankali.

A 1860 ya yi rajistar injin da ya fito da sunansa. A wancan zamani injin tururi ake yayi, sai an hura wuta an tafasa ruwa kafin ya motsa. Na Lenoir kuwa a cikin silinda yake ƙona gas, tartsatsin lantarki ke kunna shi, kamar yadda filogi ke yi a babur ɗinka. Ƙananan masana'antu suka saye shi da ɗaruruwa. A 1863 ya ɗora inji a kan keken katako, ya tuƙa shi daga Paris zuwa Joinville-le-Pont.

To wane gas injin nasa ke sha? Gas ɗin da ake samu daga kwal ne, wanda ake kunna fitilun titunan Paris da shi. Kusan rabinsa haidirojin ne, sai kuma metan, wato iskar da ta fi yawa a cikin CNG. Ka ga ke nan tun farko a gauraye suka zo.

Yau injiniyoyi sun koma kan wannan haɗi saboda hayaƙi. Metan ba ya saurin cin wuta, don haka wani kaso nasa kan fita ta salansa bai ƙone ba, tare da kabon monoksaid mai guba. Haidirojin kuwa nan take yake kamawa, kuma babu kabon a cikinsa. Idan aka zuba kamar kashi 20 cikin ɗari, gas ɗin ya fi ƙonewa ƙurmus, hayaƙin ya ragu. Sai dai fa akwai sharaɗi: zafin wutar na ƙaruwa, kuma in ba a saita injin ya ja iska da yawa ba, gubar naitirojin mai cutar da huhu sai ta ƙaru. A 2020 birnin Delhi na Indiya ya gwada bas 50 da haɗin da ke da haidirojin kashi 18.

Shi kuwa Lenoir, injinsa na da babban aibi: shan gas kamar ba gobe, ga saurin ɗaukar zafi. A 1876 Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da inji mai matse gas kafin ya kunna shi, wanda ya fi ƙarfi da tattali. Kasuwa ta koma wajen Otto. Faransa ta ba Lenoir takardar zama ɗan ƙasa da lambar girmamawa, amma a cikin talauci ya rasu a watan Agustan 1900.

In kana koyon kanikanci ko karatun injiniya, ka sa ido a kan wannan fanni. Motocin gas na ƙaruwa a titunanmu, kuma iskar da muke shaƙa ta dogara ne da yadda aka saita su.