Muhammad Fauzi: Mawaƙin Da Ya Gina Masana'antar Faifai, Gwamnati Ta Karɓe

Masu kallon ƙwallo a cikinmu ba za su manta da daren 14 ga Yuli, 2019 ba, daren da Riyad Mahrez ya zura mana bugun tazara a minti na ƙarshe a babban filin wasa na Alƙahira, Aljeriya ta fitar da Nijeriya da ci 2 da 1. Kafin a fara wasan, 'yan Aljeriya sun miƙe tsaye sun rera taken ƙasarsu mai suna Ƙasaman. Wanda ya sa wa taken nan kiɗa ɗan ƙauye ne daga Masar, sunansa Muhammad Fauzi: mawaƙi, mai tsara karin waƙa, ɗan wasan fim, kuma mai kamfanin buga faifai. Na zaɓi in kawo tarihinsa a wannan fitowar ne saboda ya yi kokawa da tambayar da har yau take damun mawaƙanmu na gida: idan waƙa ta shiga faifai, ta wa ce?

An haifi Fauzi ranar 15 ga Agusta, 1918, a ƙauyen Kafr Abu Jundi da ke lardin Garbiyya, kusa da birnin Tanta. Gidansu babban gida ne irin namu, shi ne na 21 a cikin 'ya'ya 25. Ƙanwarsa Huda Sultan ita ma ta yi suna daga baya a waƙa da fim. Makarantarsa ta farko a kiɗa ita ce dandali. Wani ma'aikacin kashe gobara a Tanta ne ya koya masa tushen sana'ar, yana yawo da shi gidajen biki da tarukan maulidi, a garin da ake yin babban maulidin Sayyid Ahmad al-Badawi. A nan kunnensa ya saba da karin da talaka ke iya kamawa da ji ɗaya, kuma wannan sauƙin bai bar waƙoƙinsa ba har ya mutu.

Ya shigo Alƙahira a ƙarshen shekarun 1930, ya sha wahala irin ta baƙo. Ya yi aiki a gidan rawar Badi'a Masabni, inda manyan gobe irin su Farid al-Atrash suka goge. Da ya je jarrabawar gidan rediyo, alƙalai suka kayar da shi a matsayin mai rerawa, suka amince da shi a matsayin mai tsara kari. Ƙofa ta buɗe masa a 1944, lokacin da Yusuf Wahbi ya ba shi ƙaramin matsayi a fim ɗin Saiful Jallad. Shekara uku kacal bayan haka ya kafa kamfanin fim nasa na kansa, kuma a fim ɗin kamfanin na 1947 ne ya fito da wata yarinya mai suna Shadiya, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin ƙasar. Ya fito a finafinai fiye da 30, ya tsara wa Laila Murad da Sabah da Najat da ƙanwarsa Huda waƙoƙi.

Abin da ya fi daɗewa a bakin jama'a shi ne waƙoƙinsa na yara. Akwai ta yaron da ake lallashi ya jira dawowar mahaifiyarsa da tsaraba, akwai ta wanda ya ƙi jin magana ya tsokani kyanwa ta yakushe shi. A nan unguwar Muhandisin da nake zaune, sau da yawa nakan ga uwa ta kunna wa ɗanta ɗaya daga cikinsu a waya idan za a yi masa allura. Uwar ba ta riski mawaƙin ba, wataƙila uwarta ma tana ƙarama ya rasu.

Batun Aljeriya kuwa ya zo ne a tsakiyar shekarun 1950, ana tsakiyar yaƙin ƙwatar 'yanci daga Faransa. Sha'iri Mufdi Zakariyya ya rubuta baitocin yana tsare a kurkukun Barbarus, Fauzi ya sa musu kiɗa a Alƙahira, garin da gidan rediyon Sautul Arab ke yaɗa muryar 'yan gwagwarmayar. Da ƙasar ta samu 'yanci a 1962, kiɗan nasa ne ya tabbata. A 2017 gwamnatin Aljeriya ta karrama shi da lambar girma, ta kuma sa wa babbar makarantar kiɗa ta ƙasa sunansa.

Yanzu sai mu zo kan faifai, wanda a ganina shi ne babban aikinsa. A zamanin nan kasuwar garmaho tana hannun kamfanonin waje. Mawaƙi zai rera a Alƙahira, a ɗauki muryar a kai ƙetare a buga, a dawo da faifan a sayar wa Misirawa da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Fauzi ya ga cewa zanen aro ba ya rufe katara. A ƙarshen shekarun 1950 ya tattara abin da ya tara a fim da waƙa, ya kafa kamfanin Misrphon da masana'antar buga faifai a cikin gida. Farashi ya faɗi ƙasa da rabin na waje, faifai ya shiga gidan ƙaramin ma'aikaci, kuɗin ƙasa suka daina fita. Ummu Kulsum da kanta ta koma yin faifanta a wurinsa. Mutanen sana'ar suna kuma tuna shi da rashin hassada, don shi suke danganta wa haɗa Ummu Kulsum da saurayin nan Baligh Hamdi, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara mata waƙa.

Daɗin bai jima ba. A 1961 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta fitar da dokokin mayar da kamfanoni hannun hukuma, Misrphon na ciki. Aka bar Fauzi a matsayin manaja mai karɓar albashi, fam 100 a wata, a gidan da ya gina da guminsa. Abin da ya ƙara wa raunin zafi shi ne, mutumin ba abokin gabar juyin juya halin 1952 ba ne. Yana cikin masu fasahar da suka bi jiragen ƙasa lardi-lardi suna tara wa marasa galihu taimako a farkon mulkin. Kamfanin ne daga baya ya zama tushen Sautul Ƙahira, wanda tambarinsa ke kan tsofaffin kaset ɗin ƙira'a da na waƙa da alhazanmu da ɗalibanmu na Azhar suka riƙa kai wa gida.

Bayan haka ciwo ya kama shi. Ya je Landan a 1965, ya je Jamus, ba a dace ba. Ya rame har nauyinsa ya gaza kilo 40. Ya rasu ranar 20 ga Oktoba, 1966, yana da shekara 48.

Misirawa sukan ce baƙin ciki ne ya kashe shi. A nan zan sa baki a matsayina na likita. Cutar da aka fi ambata a tarihinsa ita ce wadda wani likitan mafitsara Ba'amurke, John Ormond, ya yi bayaninta a 1948. Wani nama mai tauri kamar tabo ne ke tsirowa a bayan tantanin ciki, ya nannaɗe babbar jijiyar jini da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ya yi ta matse su a hankali. Mai ita yana fama da ciwon baya da na ciki, da rama, da kasala, daga ƙarshe ƙoda ta gaza. A yau hoton CT na nuna ta, ana sa siririn bututu a buɗe hanyar fitsari, a ba da maganin kashe kumburi, mutane da yawa su samu sauƙi. A zamanin Fauzi babu wannan na'urar, sai a shekarun 1970 ta fito. Baƙin ciki shi kaɗai ba ya tsirar da irin wannan nama. Amma na ga yadda yake hana majinyaci ci da barci, ya karya masa ƙwarin gwiwar bin magani. Saboda haka maganar jama'a tana da nata ƙamshin gaskiya.

'Yan'uwa, mu dubi namu. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, wanda ya rasu a 1999, sun bar taska mai yawa, amma asalin naɗin muryoyinsu ya warwatsu tsakanin gidajen rediyo da tsofaffin kamfanonin faifai da shagunan masu kwafar kaset. Yau ana ɗora su a YouTube, dubban mutane na saurare, iyalansu na kallo daga nesa. Matasanmu masu situdiyo a titin gidan Zu na Kano sun kama hanyar Fauzi, sun mallaki na'ura. Tarihinsa na nuna cewa na'ura ma tana iya suɓucewa, don haka dole a haɗa ta da rubutacciyar yarjejeniya da rajistar haƙƙin mallaka.

Shawarata ga ƙungiya ƙarama ce. Kowane gari yana da makaɗansa da mawaƙansa, namu ma haka. Mu da ke waje mu ɗauki nauyin kuɗin, na gida su bi gidajen dattawa su tattaro kaset kafin zafi da ƙura su cinye su, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan mai waƙa da 'yan amshinsa da magadansa. Duk abin da ya shigo ta dalilin waƙar, a san ƙofar da za a kai shi.

Allah ya jiƙan Muhammad Fauzi, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.