Rabaran Charles Robinson, Baƙon da Kirsimati Ta Iske a Birnin Kano

Hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari, tashoshin mota na Kano kuwa sun cika maƙil da 'yan'uwa masu tafiya gida Kirsimati. Wannan ya nufi Zonkwa, wancan Langtang, wani Biliri, wani Numan. Amma akwai waɗanda ba za su hau mota ba bana. Muna nufin ma'aikatan bishara, miji da mata, da ikilisiyoyinmu suka aika ƙauyukan Nijar da Chadi da wasu wurare masu nisa, inda za su dafa shinkafar Kirsimati su ci su biyu da 'ya'yansu, gari kuwa yana ta harkarsa kamar kullum. Tunaninsu ne ya sa muka ɗauko labarin wani bawan Allah da Kirsimati ta iske shi a cikin ganuwar Kano a shekarar 1894, wato Rabaran Charles Henry Robinson.

An haifi Robinson a Ingila a 1861, a gidan limamin ikilisiyar Angilikan mai 'ya'ya da yawa. Gida ne na masu hidima, gama 'yan'uwansa maza da dama sun zama limamai, ɗaya daga cikinsu, Armitage, har ya shugabanci babbar majami'ar Westminster a Landan. Charles ya yi karatu a jami'ar Kambirij, aka naɗa shi limami, yana aikinsa a ƙasarsu cikin rufin asiri. Mutuwar ɗan'uwansa ce ta juyo da fuskarsa zuwa ƙasar Hausa.

Wannan ɗan'uwa shi ne John Alfred Robinson, ma'aikacin mishan ɗin CMS a bakin Kwara. A 1890 shi da wani saurayi mai zafin himma, Graham Wilmot Brooke, suka zauna a Lakwaja da nufin su shiga ƙasar Hausa da bishara. Brooke ya zo da matarsa. Suka sa riga da rawani irin na mutanen ƙasa, suka duƙufa koyon Hausa, John kuwa ya kama juya Bishara ta hannun Matiyu. Ba su yi nisa ba. John ya rasu a Lakwaja a watan Yuni 1891, Brooke ya bi shi a watan Maris 1892, matarsa ta zama gwauruwa tun da ƙuruciya. Babu ɗayansu da ya ga Kano da idonsa.

Abokan John a Ingila suka kafa wata ƙungiya don tunawa da shi, wadda ake kira Ƙungiyar Hausa, aikinta shi ne a yi nazarin harshen sosai domin a sami juya Littafi Mai Tsarki. Da aka nemi wanda za a aika, sai Charles ya ce shi ne zai tafi. A 1893 ya sauka Tarabulus da Tunis, inda akwai Hausawa da yawa, waɗansu alhazai da fatake, waɗansu kuwa bayi ne da aka ƙetaro da su hamada. A bakinsu ya fara jin Hausa. Niyyarsa ita ce ya bi ayarin raƙuma ya ratso hamada har Kano, amma a shekarar nan Rabe ya ci Barno, hanyoyi suka rikice. Dole ya sake shiri ya biyo ta teku.

A 1894 ya hau Kwara zuwa Lakwaja, inda kabarin ɗan'uwansa yake, daga nan ya bi Binuwai zuwa Loko. Su uku ne Turawan, duka maza, shi da Likita Tonkin da wani mai suna Bonner. Hanyar ba ta zuwa da iyali ba ce a lokacin. Daga Loko suka kama tafiyar ƙasa ta Kafi zuwa Zariya, da 'yan alaro masu ɗaukar kaya. Kuɗin zamanin wuri ne, wuri kuwa nauyi gare shi. Robinson ya ba da labarin yadda dokinsu ya yi rashin lafiya suka rasa yadda za su yi da shi, don in sun sayar, sai sun ƙara ɗaukar mutum 15 su ɗauki kuɗin, ladan masu ɗaukar kuma ya cinye kuɗin duka. Wanda ya taɓa kai buhun kuɗin baiko banki ranar Litinin zai ɗan gane wannan wahala.

A Zariya, zamanin Sarki Yero, suka gamu da abin tausayi. Wani saurayi daga Kanada, Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin da ya zama SIM, ya iso garin a galabaice, an ƙwace kayansa, ciwo ya ci ƙarfinsa. Suka taimake shi, suka shirya masa komawa bakin teku, amma bai wuce Girku ba, a nan ya cika a watan Nuwamba 1894. Abokinsa Thomas Kent ya rasu a Bida a watan Disamba. Saura Rowland Bingham shi kaɗai a Ikko. 'Yan'uwanmu na ECWA sun san wannan labari tun daga makarantar Lahadi, amma ba kowa ya san cewa akwai wani ayari da ya wuce gaba a wannan wata ba.

Ran 23 ga Disamba 1894, ranar Lahadi, Robinson da abokansa suka shiga birnin Kano. Saura kwana biyu Kirsimati.

Mu dubi irin garin da suka tarar. Kano tana fitowa ne daga yaƙin basasa tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Watanni kaɗan ke nan da Alu Babba ya shiga birni ya hau gadon sarauta, Tukur kuwa yana nan da rai a wajen ƙasar Katsina, ba a kashe shi ba sai a watan Maris 1895. A gari irin wannan, baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba abin zargi ne. Duk da haka Sarki Alu ya karɓe su a matsayin baƙi, aka yi musayar kyauta bisa al'ada, aka bar su suka zauna a cikin birni. Wannan karamci ya kamata mu faɗe shi, gama sau da yawa in muna ba da tarihin bishara a Kano, korar 1900 kaɗai muke tunawa.

Kirsimatin shekarar ta faɗo ranar Talata, ƙarshen watan Jimada Sani na 1312 a lissafin mutanen gari. Kasuwar Kurmi ta ci kamar kullum, marina suna bakin karofi, masu bugu suna bugu, ladanai suka kira salla biyar a kan lokaci. Babu majami'a, babu ƙararrawa, babu zumuntar mata da za ta tayar da waƙa. Majami'ar ƙarshe da suka baro tana Lakwaja, tafiyar makonni a ƙasa. Robinson limami ne naɗaɗɗe mai shekara 33, amma a ranar, garkensa bai wuce abokan tafiyarsa ba. Ko sunan Turawa ma ba nasu ba ne tukuna, don a Kanon wancan zamani Larabawan Gadamus da Tarabulus ake kira Turawa, shi ya sa har yau akwai Dandalin Turawa a cikin birni. Su Nasara ake ce musu. Mu da muka saba ganin Sabon Gari ta cika da sababbin tufafi ran 25 ga wata, da wuya mu kwatanta irin wannan shiru. Ma'auratanmu da ke bakin aiki a ƙasashen waje sun fi mu saninsa.

Wajen wata uku suka yi a Kano, zazzaɓi yana kayar da wannan yana ɗaga wancan. Ba a aiko Robinson ya kafa mishan ba, kuma bai kafa ba. Aikinsa shi ne zama da malamai, yana tambaya, yana rubuta kalmomi, yana neman takardun ajami. Likita Tonkin kuwa ya ba da ƙarfinsa ga duba kutare, waɗanda suke da yawa a birnin, daga baya ya yi rubutu a kan cutar. Robinson ya yi mamakin Kano ƙwarai. Ya ƙiyasta mutanenta sun kai 100,000, ya ce saƙarta da rininta ne ke tufatar da fiye da rabin mutanen Sudan ta Tsakiya. Ya kuma ga abin da ya tsaya masa a rai har ƙarshen kwanakinsa: bayi kimanin 1,000 da aka shigo da su birni a karo ɗaya bayan wani hari. A 1895 suka juya ta Birnin Gwari da Bida suka koma bakin Kwara, tafiyar da ya ce ta kai mil 1,500.

Abin da ya kwaso a Kano ya yi ta haihuwa. A 1896 ya fitar da labarin tafiyarsa mai suna Hausaland, da wani littafi na rubuce-rubucen Hausa da ya ƙunshi hoton takardun ajami, har da waƙoƙin wa'azi da aka danganta ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Muhammadu na Birnin Gwari. Abin lura ne cewa limamin Kirista ne ya kai waɗannan waƙoƙi na malaman Musulunci ɗab'i a Kambirij. A 1897 ya buga nahawun Hausa, a 1899 da 1900 kuma ƙamus mai juzu'i biyu. Jami'ar Kambirij ta ɗauke shi malamin Hausa.

Sai dai ba za mu ɓoye kuskurensa ba. Wata uku ba ya isa a san zuciyar gari. Robinson ya koma yana ba mutanen Ingila fahimtar cewa Musulunci bai yi saiwa sosai a cikin Hausawa ba, alhali kuwa Kano ta yi ɗaruruwan shekaru da addinin, takardun da shi kansa ya tara ma shaida ne. Ya yi rubutu mai zafi a kan addinin mutanen da suka saukar da shi, ya kuma goyi bayan mulkin Ingila a matsayin maganin cinikin bayi. Irin wannan magana tana cikin abin da ya ƙarfafa CMS ta aiko Bishop Tugwell da Likita Mila da abokansu uku a 1900. Amma kafin lokacin an riga an ci Bida da Ilori da yaƙi a 1897, Lugga kuma ya kafa tuta a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900. Sarki Alu ɗin nan da ya bar Robinson ya zauna wata uku, bai bar su Tugwell sun yi ko mako biyu ba. Suka koma Girku, inda ɗayansu, Rabaran Dudley Ryder, ya rasu, a garin da Gowans ya cika.

Robinson bai sake zama a ƙasar Hausa ba. Daga 1902 ya zama mai kula da ɗab'in littattafai na ƙungiyar mishan ta SPG a Landan, a 1915 ya rubuta babban tarihin aikin mishan na duniya. Amma bai saki ƙamus ɗinsa ba, yana ta gyara yana ƙari, har bugu na huɗu ya fito a 1925, shekarar da ya rasu. Da shi jami'an mulki da 'yan mishan da yawa suka fara koyon Hausa, kafin na Bargery ya maye gurbinsa a 1934. Sarki Alu, wanda Turawa suka tuɓe bayan sun ci Kano a 1903, ya rasu a 1926 a Lakwaja, garin da aka binne John Robinson. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda dominsa aka aiko Charles, ya fito a 1932 ta hannun Likita Mila da abokan aikinsa, shekara bakwai bayan rasuwarsa.