Sokrat: wasan bidiyo ya nuna tambayoyinsa, bai nuna abin da suka jawo masa ba

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarminal a Nijar ya ji sunan Sokrat a darasin falsafa, malaman da suka yi nisa a littattafan Larabci kuwa sun san shi da Suƙraɗ. Amma tun watan Oktoba na 2018, da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fito da wasan bidiyon Assassin's Creed Odyssey, matasa da yawa a duniya sun fara gamuwa da shi ne a gaban allo.

Wasan yana gudana a ƙasar Girka lokacin yaƙin Atina da Sparta, tsakanin shekarar 431 da 422 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mai wasa sojan haya ne, Kassandra ko Alexios. A Atina yake cin karo da wani mai gemu da tumbi wanda duk tambayar da aka yi masa sai ya mayar da ita tambaya. Har akwai inda ya sa mai wasa ya yanke hukunci a kan ɓarawon doki, kuma kowace amsa aka ba shi sai ya tono mata rami. A nan masu wasan sun yi daidai, haka almajiransa suka siffanta shi. Sai dai sun fi nuna shi a matsayin mai baki, alhali mutumin ya riƙe mashi da garkuwa.

An haife shi a Atina wajen shekarar 470. Mahaifinsa masassaƙin dutse ne, mahaifiyarsa ungozoma, kuma da sana'arta ya riƙa kwatanta tasa: taimaka wa mutum ya haifo tunanin da ke cikinsa. Ya je fagen fama sau uku, a Potidaya, da Deliyom, da Amfipolis. A Potidaya ne ya ceci saurayin nan Alsibiyad da aka ji wa rauni, aka kuma gan shi yana tafiya kan ƙanƙara ba takalmi. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba, bai karɓi kuɗin koyarwa ba. Kusan duk abin da aka sani game da shi ya zo ta alƙalamin Platon da Zenofon.

Aikinsa shi ne yawo a kasuwa yana tare ƴan siyasa, mawaƙa da masu sana'a, ya tambaye su ma'anar adalci ko jarumta, har su gane a gaban jama'a cewa ba su san abin da suke da'awar sani ba. Samari na bin sa suna dariya. Manyan da aka kunyata ba su manta ba.

A shekarar 423 marubucin barkwanci Aristofan, wanda shi ma yana cikin wasan bidiyon, ya fito da shi a dandali a matsayin ɗan damfara mai koya wa yara juya ƙarya ta zama gaskiya. Atina ta sha dariya. Shekara 24 bayan haka, a gaban alƙalai, Sokrat da kansa ya lissafa wannan barkwanci cikin abubuwan da suka ɓata masa suna.

Labarin wasan ya tsaya a 422, wato kafin shekarun da suka nuna ko shi wane ne. A 406, yana cikin masu jagorantar zaman majalisa, jama'a suka fusata suka nemi a yanke wa wasu hafsoshin ruwa hukunci a dunƙule. Shi kaɗai ya tsaya a kan cewa doka ta hana. An kashe shida daga cikinsu duk da haka. A 404, bayan Sparta ta ci Atina, gungun mutum 30 da suka riƙe mulki da ƙarfi suka aike shi tare da wasu huɗu su kamo wani mai suna Leyon don a kashe shi. Huɗun suka tafi, shi ya koma gidansa. Ya ƙi bin taron dimokuraɗiyya, ya ƙi bin azzalumai, kuma bai samu abokin siyasa a ko wane ɓangare ba.

Da dimokuraɗiyya ta dawo, mutane suka tuna cewa Alsibiyad, wanda ya taɓa tserewa wajen Sparta, da Kritiyas, jigo a cikin 30 ɗin nan, duk sun zauna a gabansa. Afuwar da aka yi a 403 ta toshe hanyar tuhumar siyasa. A 399 sai mutum uku, Meletos, Anitos da Likon, suka kai ƙararsa da laifin ƙin gumakan gari, da kawo sababbin abin bauta, da lalata tarbiyyar matasa. Alƙalai kimanin 500 ne, talakawan gari da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a. A ruwayar Platon, da mutum 30 sun sauya ra'ayi da ya kuɓuta. Da aka ce ya faɗi hukuncin da ya cancanta, sai ya ce a riƙa ciyar da shi kyauta daga baitulmali kamar gwarzon gari, daga baya ya ambaci tara. Wannan amsa ba ta sanyaya zuciyar kowa ba, aka yanke masa kisa.

Ya yi kusan wata guda a gidan kaso, domin al'ada ta hana kisa kafin jirgin ruwan da aka aika tsibirin Delos don bikin addini ya dawo. Amininsa Kriton, mai dukiya, ya shirya masa hanyar gudu. Ya ƙi, yana ganin wanda ya rayu shekara 70 a inuwar dokokin gari bai kamata ya taka su ranar da suka juya kansa ba. Ya sallami matarsa Zantip da ƴaƴansa uku, ya sha kofin guba a gaban abokansa, ya ɗan zaga har ƙafafunsa suka yi nauyi, sannan ya kwanta. Maganarsa ta ƙarshe tunatarwa ce ga Kriton a kan bashin zakara ɗaya da Asklepiyos, abin bautar Girkawa na waraka, yake bin su.