Hashimu Ɗan Abdu Manafi, Mai Ciyar da Mahajjata

A ƙasar Hausa, idan amfanin gona ya zo gida, akan yi bikin kalankuwa da dambe da kokawa. Makka kuwa kwari ce marar noma, saboda haka ba ta da bikin kaka. Babban taronta tun kafin Musulunci shi ne aikin hajji. Larabawa sukan fara cin kasuwar Ukaza a watan Zulkida, inda ake ciniki da gasar waƙa, su wuce Majanna da Zulmajazi, sannan su nufi Ka'aba. Tambayar ita ce, wa zai ciyar da wannan taro a garin da ba ya fid da hatsi?

Mutumin da ya yi suna a wannan hidima shi ne Hashimu, jikan Ƙusayyu, kakan mahaifin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya rayu a wajajen ƙarshen ƙarni na 5 na Miladiyya. Sunansa na yanka Amru.

Bayan rasuwar Ƙusayyu, rigima ta tashi tsakanin zuriyar Abdu Manafi da ta Abduddari a kan muƙaman Ka'aba, har aka kusa zare takubba. Da aka yi sulhu, gidan Abduddari ya riƙe mabuɗi da tuta, gidan Abdu Manafi ya karɓi shayar da mahajjata da ciyar da su. Wannan nauyi ya faɗa wuyan Hashimu. Kowace shekara yakan tara gudummawa daga Ƙuraishawa, ya ƙara da dukiyarsa. Ruwa ma aiki ne ja, domin a lokacin rijiyar Zamzam a binne take. Sai an ɗebo daga wasu rijiyoyi a zuba a kwatarniyoyin fata.

Masu tarihi sun ruwaito cewa a wata shekara ta fari ya kawo abinci daga Sham, ya yanka raƙuma, ya marmashe gurasa a cikin romo, ya ciyar da mutanen gari. Daga nan laƙabinsa ya fito, domin Hashimu a Larabci na nufin mai marmashewa. Duk wanda ya taɓa cin gurasa da romo a Kano ya san irin abincin.

Amma kyauta ba ta ɗorewa sai da abin hannu, kuma a nan basirarsa ta fi bayyana. Shi ake danganta wa tsara fatauci biyu na Ƙuraishawa, na hunturu zuwa Yaman da na bazara zuwa Sham, tare da ƙulla amana da ƙabilun da ke kan hanya.

A wata tafiya ya auri Salma 'yar Amru a Yasriba, wato Madina ta yau. Ya rasu a Gaza, aka binne shi a can. Ɗan da Salma ta haifa masa, Shaiba, wanda aka fi sani da Abdulmuɗɗalibi, shi ne ya sake haƙa Zamzam.