Wilhelm Conrad Röntgen

Wilhelm Conrad Röntgen (27 ga Maris, 1845 – 10 ga Fabrairu, 1923) masanin kimiyyar fiziks ne ɗan ƙasar Jamus. Shi ne ya gano hasken X a shekarar 1895, wato hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji da shi a asibitoci. Kafin wannan lokaci, likita ba shi da hanyar ganin ƙasusuwan da ke cikin jikin mai rai sai ta hanyar tiyata. Shi ne mutum na farko da aka bai wa lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks, a shekarar 1901.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Lennep, wanda yanzu yake cikin birnin Remscheid. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, kuma mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne. Yana da shekara uku iyalin suka koma Apeldoorn a ƙasar Holan. A 1862 ya shiga makarantar fasaha ta Utrecht, amma aka kore shi kafin ya kammala, bisa zargin zana wani malami don a yi masa dariya, alhali wani ɗalibi ne ya yi zanen. Rashin takardar kammalawa ya hana shi zama cikakken ɗalibi a jami'ar Utrecht. A 1865 ya samu gurbi a kwalejin fasaha ta Zurich a Suwizalan, inda ya karanta injiniyancin injuna, sannan ya samu digirin digirgir a jami'ar Zurich a 1869.

Koyarwa

Ya fara aiki a matsayin mataimakin Farfesa August Kundt, ya bi shi Würzburg, daga nan suka wuce Strasbourg. Ya zama farfesan fiziks a Giessen a 1879, ya koma Würzburg a 1888, sannan Munich a 1900.

Gano hasken X

A ranar 8 ga Nuwamba, 1895, yana gwaji a Würzburg da wani bututun gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa ana ratsa shi da lantarki. Ya lulluɓe bututun da baƙin kwali, ya mayar da ɗakin duhu. Duk da haka sai ya ga wata takarda mai shafe da sinadarin bariyom, wadda ke can gefe, tana ƙyalli. Ya fahimci cewa akwai wani haske da ido ba ya gani da ke ratsa kwalin. Ya kira shi X, harafin da ake sa wa abin da ba a sani ba a lissafi.

Ya shafe makonni yana bincike shi kaɗai. Ya gano cewa hasken yana ratsa takarda da katako da tsoka cikin sauƙi, ƙashi yana tare kaso mai yawa, dalma kuwa tana tare shi kusan baki ɗaya. Wannan bambanci ne ke sa inuwar ƙashi ta fito a hoto. A ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan yatsunta da zobenta suka fito sarai. A ranar 28 ga watan ya miƙa rahotonsa ga ƙungiyar masana fiziks da likitoci ta Würzburg, kuma a farkon Janairun 1896 jaridu suka bazu da labarin.

Ƙin mallake fasahar

Röntgen bai yi rajistar mallakar abin da ya gano ba, domin yana ganin amfaninsa na kowa ne. Saboda haka duk mai irin wannan bututu yana iya gwadawa ba tare da biyan kowa ba, kuma cikin shekarar 1896 likitoci a Turai da Amurka suka fara duba karaya da neman harsashi a jiki da shi. Kuɗin kyautar Nobel ma ya bai wa jami'ar Würzburg.

Saurin yaɗuwar ya zo da illa, don da farko ba a san haɗarin hasken ba. Masu aiki da shi da dama sun ƙone a hannu, wasu sun kamu da sankara. Daga baya ne aka tsara ƙa'idojin kariya, kamar garkuwar dalma da taƙaita yawan hasken da ke shiga jiki.

Tasirin aikinsa

A 1912 Max von Laue ya nuna cewa hasken X dangin hasken da ido ke gani ne, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai. A 1913 Henry Moseley ya auna salon hasken X da sinadarai daban-daban ke fitarwa, abin da ya zama hanyar tantance ƙarafa da ma'adinai ba tare da an lalata su ba. A 1971 aka fara amfani da na'urar Godfrey Hounsfield a kan mara lafiya a Landan, wadda ke haɗa hasken X da kwamfuta ta fitar da hoton jiki yanki-yanki. A yau ana amfani da hasken wajen binciken tarin fuka, da duba tsagewa a waldar bututun mai, da tantance kaya a filayen jirgin sama.

Iyali da rasuwa

Ya auri Anna Bertha Ludwig a 1872. Ba su haihu ba, amma sun riƙi ɗiyar ɗan'uwan matar. Anna ta rasu a 1919. Hauhawar farashin da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta cinye dukiyarsa. Ya rasu a Munich sakamakon sankarar hanji yana da shekara 77, aka binne shi a Giessen. A 2004 aka raɗa wa sinadari mai lamba 111 sunansa, kuma ma'aikatan ɗaukar hoto a asibitoci suna bikin ranarsu ta duniya kowace 8 ga Nuwamba.