Paul Voigt: Injiniyan da Ya Gane Sirrin Akwatin Sifika

 Kowace safiya muna jin sanarwa ta lasifika a wurin asambili. Ranar kasuwa a nan Runka kuwa, masu tallan magani ba sa barin kunne ya huta. Da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin wani ya ciro sifika daga mataccen rediyo, ya kifa ta a bakin tulu ko ya kafa ta a jikin jarka, nan take sautin ya yi kauri. Sifikar ba ta canza ba, to me ya canza? Neman amsar wannan tambaya ne ya kai mu ga tarihin Paul Voigt, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin sifika da mazaunin da ya dace da ita.

An haifi Voigt a birnin Landan na ƙasar Ingila a shekarar 1901, iyayensa kuwa 'yan asalin Jamus ne. Ya yi karatu a makarantar Dulwich, daga nan ya wuce Kwalejin Jami'a ta Landan inda ya karanci injiniyancin lantarki. Da ya kammala a 1922, sai ya kama aiki a kamfanin Edison Bell mai buga faifan garmaho.

A wancan lokaci ba da lantarki ake ɗaukar murya ba. Mawaƙa da makaɗa kan taru a gaban wani babban ƙaho, ƙarfin muryarsu kaɗai ne ke motsa allurar da ke zana sautin a kan faifai. Saboda haka ƙananan sautuka da yawa kan salwanta. Voigt ya ƙera wa kamfaninsa na'urorin ɗaukar sauti da lantarki, har da makirfo da allurar yanka faifai. Sai dai ya ci karo da wata matsala: ta yaya zai tabbatar abin da ya ɗauka ya yi kyau, alhali sifikun zamanin ba sa fitar da sauti yadda yake? Dole ta sa ya koma ƙera tasa sifikar.

Kafin mu ci gaba, bari mu tuna abin da muka koya a darasin kimiyya. Sauti girgizar iska ce. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Girgiza mai nawa ita ce sauti mai kauri irin na ganga, mai sauri kuma ita ce siririn sauti irin na sarewa. A cikin sifika akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da takarda mai siffar malfa. Idan lantarki ya bi ta wayar, sai ta riƙa kai da komo a cikin maganaɗisun, tana tura takardar, takardar kuma tana tura iska. Wasu injiniyoyi biyu a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau shi ne a cikin rediyonmu da wayoyinmu.

Matsala ta farko da Voigt ya fuskanta ita ce ƙarancin ƙarfi. Amfilifayar zamanin ba ta wuce 'yan wat kaɗan ba, ga shi kuma sifika tsirara ɗan kaɗan take mayarwa sauti daga lantarkin da aka ba ta. Maganin shi ne ƙaho. Duk wanda ya taɓa jin kakaki a ƙofar fada ya san yadda bututu mai faɗin baki ke kai sauti nesa. Wajen 1926 Voigt ya fito da wata siffar ƙaho da ake kira tiraktiris. Ƙahon yakan fara buɗewa a hankali daga maƙogwaro, sannan ya buɗe da sauri a kusa da baki kamar furen kabewa. Da irin wannan ƙaho, ƙaramar amfilifaya kan cika babban ɗaki, shi ya sa aka yi amfani da ƙahoninsa a gidajen silima.

A 1933 kamfanin Edison Bell ya durƙushe, Voigt ya rasa aikinsa. Bai zauna zaman jiran tsammani ba, sai ya buɗe ɗan ƙaramin kamfaninsa mai suna Voigt Patents a unguwar Sydenham da ke kudancin Landan. A nan ne ya tunkari matsala ta biyu. Babbar takarda ta iya fitar da sauti mai kauri, amma ta yi nauyi ga siririn sauti. Ƙarama kuma akasin haka. Masu ƙera sifika da yawa sun zaɓi su raba aikin tsakanin sifiku biyu ko uku. Shi kuwa Voigt sai ya liƙa wata 'yar ƙaramar malfar takarda marar nauyi a tsakiyar babbar, dukansu a kan naɗin waya guda. Babbar ta ɗauki kaurin, ƙaramar ta ɗauki siririn. Ta haka sifika guda ta iya fitar da kusan dukan muryoyi daga wuri ɗaya, kamar yadda murya ke fita daga baki ɗaya. Idan kuka leƙa wasu sifikun mota a shagon masu gyaran rediyo, za ku ga wannan 'yar malfa har gobe.

Yanzu mu koma ga tambayar tulu. Duk sa'ad da takardar sifika ta tura iska ta gaba, tana janyo ta ta baya. Idan babu abin da ya shiga tsakani, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin ta baya, su kashe juna, kaurin sautin ya ɓace. Aikin tulu ko akwati shi ne raba su. Voigt ya ga cewa bai kamata sautin baya ya tafi a banza ba. A 1934 ya fito da wata lasifikar gida mai tsayi kusan na mutum, wadda ake ajiyewa a kusurwar ɗaki. Sifikar tana ƙasa tana kallon sama, ƙaho yana kai sautin ga wani lanƙwasasshen allo da ke watsa shi cikin ɗaki, bangon kusurwar kuma yana ƙara wa sautin kauri.

A daidai wannan lokaci ya yi rajistar wata dabarar da har yau ake kira bututun Voigt. Dogon akwati ne mai tsini a rufe ta gefe ɗaya, mai faɗi a buɗe ta ɗaya gefen, ana kafa sifikar wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa daga tsinin. Lissafinsa ba shi da wuya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan muna son ƙarfafa sautin da ke girgiza sau 50 a daƙiƙa, sai mu raba 343 da 50, mu sami kusan mita 6.9, wato tsawon zangon sautin. Rubu'in wannan, kimanin mita 1.7, shi ne tsawon bututun da ake buƙata.

Voigt ya haɗa gwiwa da kamfanin Lowther mai ƙera rediyo da amfilifaya. Amma kayansa suna da tsada, masu saye ba su da yawa, sannan Yaƙin Duniya na Biyu daga 1939 zuwa 1945 ya tsayar da kasuwar kayan sauti na gida. A 1950 ya bar Ingila ya koma Kanada, ya bar wa Lowther ci gaba da ƙera sifikun. Ya rasu a lardin Ontariyo a 1981. Bai yi irin sunan da Edison ya yi ba, amma masu haɗa sifika da hannunsu a ƙasashe da dama har yanzu suna yanka katako bisa tsarinsa.

Ga masu sha'awar gwadawa a cikinmu, zaɓi huɗu ne. Rufaffen akwati ya fi sauƙi kuma sautinsa tsaf yake, sai dai yana son amfilifaya mai ɗan ƙarfi. Akwati mai huda yana ƙara kauri, amma sai girman hudar ya dace da girman akwatin. Bututun Voigt yana cin katako da wuri, amma kowane kafinta zai iya haɗa shi domin yankansa miƙaƙƙe ne. Ƙaho ya fi su kai sauti nesa, ya kuma fi su wuyar ƙerawa. Ko wanne aka zaɓa, a yi amfani da katako mai kauri, a toshe duk wata kafa da gam, a sa ɗan auduga a ciki. Mu kuma sani cewa sifika guda ta dace da ɗaki ko aji ne, ba za ta iya da filin biki ba. Sannan a yi gwaji da batir, kada ɗalibi ya taɓa wutar gida sai da malami ko ƙwararren mai gyara a kusa.

Abin da ya fi jan hankalinmu a rayuwar wannan mutumi shi ne, da takarda da katako da lissafi ya yi yawancin aikinsa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfinmu. Wanda ya kashe kuɗin tararsa a kan sifika mai tsada ya jefa ta cikin kwali, zai ji wanda ya sayi mai araha ya auna akwatinsa ya fi shi daɗin sauti. Muna roƙon malamanmu na kimiyya da na lissafi su taimaka mana mu haɗa bututun Voigt guda ɗaya kafin ƙarshen wannan zango. Duk wanda ke da tsohuwar sifika mai rai a gida, ya sanar da kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.